Idan Mai Gigin Tsufa Ya Ƙi Yarda A Wanke Masa Baki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da gigin tsufa. A gidajenmu ana yi wa irin waɗannan dattawa wanka, ana ba su abinci a baki, amma da an zo wankin baki sai ka ji an ce, "Ƙyale Baba, ba ya so." Haka za a kwashe watanni, ragowar tuwo da tukar goro suna maƙale a kumatu, dasashi yana kumbura.

Sakacin nan yana da haɗari. Tsohon da haɗiya ke yi wa wuya yakan ƙware, ƙwayoyin cutar bakinsa su gangara huhu su haifar da nimoniya, wadda ke yawan zama ajalin masu wannan lalura.

Datse baki da ture hannu ba taurin kai ba ne. Tsoro ne, ko kuma ciwo. Wanda ya manta fuskar 'yarsa, yaya zai ji idan ta nufo bakinsa da buroshi? Don haka kada a danne shi, kada a yi masa tsawa, kada kuma a cusa yatsa tsakanin haƙoransa, domin zai iya cizo.

A zo masa ta gaba, a zauna daidai da shi, a kira shi da sunan girmamawar da ya saba ji. Abin da hannu ya daɗe yana yi bai cika ɓacewa da wuri ba. Dattijon da ya shekara sittin yana asuwaki kafin alwala, a miƙa masa asuwakin a lokacin, kai ma ka riƙe naka kana yi yana gani. In ya kasa, ɗora hannunka a kan nasa ku yi tare. In ya ƙi, a bari zuwa anjima.

Buroshi mai laushi da ɗan makilin kaɗan sun wadatar, safe da dare, yana zaune ba a kwance ba. Haƙoran roba kuwa a cire su da dare a wanke.

Idan Inna ta fara ƙin abinci, ko tana dafe kunci, ko bakinta na wari da jini, jama'a a kai ta wurin likitan haƙori, kada a ce ai tsufa ne.