Ina Ruwan Gonar Wake Yake Tafiya?

Duk mai noman rani ya san wannan: a cika fangalin wake da ruwa ranar Litinin, kafin Alhamis ƙasa ta yi fari. Wani ruwan ya nutse, amma mai yawa sama ya yi, ta hanya biyu. Rana da iska suna kwashe na fuskar ƙasa. Wanda saiwa ta zuƙa kuwa yana bin kara ya fice ta wasu 'yan ƙofofi a jikin ganye da ido ba ya gani. Fiye da kashi 95 cikin 100 na abin da shuka ta sha ta nan yake fita, kamar gumi a jikin mutum, yana sanyaya ganye.

Masana suna haɗa biyun su auna da milimita. Milimita 1 a hekta guda lita 10,000 ce, wato jarka 400 mai cin lita 25. Hukumar abinci ta duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa irin waken da ake nomawa a Brazil da gabashin Afirka yana shan milimita 300 zuwa 500 daga shuka zuwa girbi. Namu na ƙasar Hausa ya fi shi juriyar fari nesa ba kusa ba.

Sai dai ƙishin wake ba ɗaya ba ne kullum, nan ne kuma manoma da dama ke tafka asara. A lissafin da FAO ta fitar a 1998, wake ɗan tsiro yana ɓatar da kusan kashi 40 cikin 100 na ruwan da filin ciyawa mai ƙoshin ruwa zai ɓatar, yawancinsa ma daga ƙasar da ganye bai rufe ba. Da ya yaɗu ya fara fure, sai ya kamo ciyawar har ya ɗan wuce ta. Idan kwanso ya fara bushewa, buƙata ta faɗi warwas.

Waken namu yana da dabara. Da tsakar rana, in ƙasa ta bushe, ganyensa yakan karkata ya ba rana gefe, ya toshe ƙofofin nan. Ba zai mutu ba, amma ganyen da ya toshe ƙofa ba ya haɗa abinci. In abin ya faɗo lokacin fure, sai a tarar da furen zube a gindi. Wanda ya malala ruwa tun wake yana ƙarami shi ma bai tsira ba: saiwa ta ruɓe, ganye ya yi rawaya.

Saboda zubewar furen nan ne masu bincike a Samaru da reshen cibiyar binciken noma ta IITA da ke Kano suka dage kan iri mai nuna cikin kwana 60 zuwa 70, wanda zai gama fure kafin ruwan damina ya ɗauke. Kanannado kuwa, irin waken gargajiya, sai ƙarshen damina yake fure, ya cika kwansonsa da ragowar damshin da ƙasa ta riƙe. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, harawa ce rabon manomi.