Shugaba Mai Tsanani, Jikin Ma'aikaci da Tunanin Komawa Karatu

A ɗauki misalin wani akawu ɗan shekara 35, wanda ya bar jami'a yana aji uku saboda rasuwar mahaifinsa, ya kama aiki domin ya riƙe gida. Yanzu yana ƙarƙashin wani shugaba da ba a gane inda ya dosa: yau ya yaba aiki, gobe ya yi fatali da irinsa a gaban jama'a. Da akawun ya ji ƙarar motar maigidan a harabar ofis sai gabansa ya faɗi, bakinsa ya bushe, tafin hannunsa ya jiƙe. Da dare kuwa barci ya ƙaurace masa, yana ta saƙe-saƙen ko ya koma ya ƙarasa digirinsa.

Faɗuwar gaban nan ba ragwanci ba ne, aikin jiki ne. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke zuba sinadarai cikin jini idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari. Na farko shi ne adirenalin, wanda ke sa zuciya bugawa da sauri, ya tura jini zuwa ga tsokoki, ya dakatar da narkar da abinci. Walter Cannon na Jami'ar Harvard ya yi bayanin wannan tun 1915, ya nuna cewa shiri ne na faɗa ko gudu. Bayan 'yan mintoci sai kotisol ya biyo baya, ya ƙara sukari a jini. Shirin yana da amfani ga wanda ya yi kiciɓis da kura, domin cikin ɗan lokaci magana ta ƙare. Amma shugaba haɗari ne da ke dawowa kowace safiya, ba a dukansa, ba a kuma guje masa. A 1936 Hans Selye ya nuna a Kanada cewa ɓerayen da aka daɗe ana takura wa, halittar nan ta saman ƙodarsu kan kumbura, sassan da ke kare jiki daga cuta su ƙanƙance, cikinsu ya yi gyambo.

Abin da ya fi jan hankali shi ne, ba yawan wahala kaɗai ke yin ɓarnar ba. A ƙarshen shekarun 1960 wani masani a Amurka, Jay Weiss, ya riƙa haɗa ɓeraye biyu-biyu da waya guda, ta yadda girgizar lantarki iri ɗaya ke samun kowanne. Ɗaya yana da hanyar tsayar da ita, ɗayan ba shi da ita. Wahalarsu daidai take, amma wanda ba shi da iko ya fi yin gyambon ciki. Haka kuma ɓeran da ake yi wa ƙara kafin girgizar ta zo ya fi wanda take afka wa ba zato lafiya. A lura dai, gyambon cikin ɗan Adam galibi wata ƙwayar cuta ce ke haddasa shi, kamar yadda aka gano a Ostareliya a farkon shekarun 1980. Darasin ɓerayen yana kan abu biyu ne: iko, da sanin abin da ke tafe. Su ne kuwa shugaba mai saurin sauya fuska ke ƙwace wa na ƙasa da shi.

An ga alamar haka a jikin mutane. A 1967 aka fara bin lafiyar ma'aikatan gwamnati maza kimanin 18,000 a Landan, a binciken da ake kira Whitehall. Da an zaci manyan jami'ai, masu ɗauke da nauyin yanke hukunci, su ciwon zuciya zai fi kamawa. Sai aka tarar masinjoji da masu tsaron ƙofa sun ninka su kusan sau uku wajen yawan mutuwa, kuma shan taba da ƙiba da hawan jini ba su isa su bayyana dukan tazarar ba. Kashi na biyu na binciken, wanda Michael Marmot ya jagoranta daga 1985 da ma'aikata fiye da 10,000, maza da mata, ya danganta wani ɓangare na tazarar da rashin ta cewa a kan aikin da mutum ke yi. A Suwidin ma, wani rahoto na 2009 kan maza fiye da 3,000 ya nuna cewa waɗanda suka koka da shugabanninsu sun fi kamuwa da ciwon zuciya, musamman waɗanda suka daɗe a wurin aikin. Irin wannan bincike dangantaka yake nunawa, ba ya yanke hukunci kan mutum guda, amma sakamakonsa ya yi daidai da na ɗakin gwaji.

To, ina batun digiri ya shigo? A 1972 David Glass da Jerome Singer suka wallafa wani gwaji da ya dace da halin akawun nan. Sun sa mutane aiki cikin ƙara mai tayar da hankali. An ba wasu maɓallin da za su iya kashe ƙarar da shi, aka roƙe su kada su taɓa sai in ya zama dole. Akasarinsu ba su taɓa ba. Duk da haka, bayan an kashe ƙarar, sun fi sauran gano kurakurai a rubutu, sun kuma fi su juriya a kan tambayoyi masu wuya. Sanin cewa akwai ƙofar fita ya rage illar, ko da ba a bi ta cikinta ba. Shirin komawa jami'a yana iya zama irin wannan maɓalli, muddin shiri ne na gaske, mai kwanan wata da lissafin kuɗi. Mafarkin da ake juyawa a kan gado da tsakar dare ba ya yin wannan aiki, ƙara hana barci ma yake yi.

Sai dai akwai tarko. Matsin da ke ingiza mutum ya gudu shi ne kuma ke raunana sashen gaban ƙwaƙwalwa, inda ake auna riba da hasara. Shi ya sa takardar ajiye aiki da aka rubuta ranar da aka sha zagi ba kasafai take zama shawara mai kyau ba, balle ga mai iyali. Bugu da ƙari, yawan kotisol yana hana tuno abin da aka karanta, ƙarancin barci kuma yana hana sabon ilmi zama daram. Wanda ya ɗora karatun dare a kan aikin da ya riga ya cinye barcinsa, yana iya faɗuwa jarrabawa, ya ɗauka ƙwaƙwalwarsa ce ta tsufa. Alhali shekaru ba su ne matsalar ba. Eleanor Maguire ta nuna a 2000, ta kuma tabbatar a 2011, cewa manyan mutanen da suka haddace titunan Landan domin samun lasin tuƙa tasi, wani sashen ajiye tunani a ƙwaƙwalwarsu ya ƙaru.

Saboda haka abin da ya fi dacewa shi ne a fara ƙwato ɗan iko a ofis kafin a ɗauki sabon kaya. Neman umarni a rubuce, ko maimaita wa shugaba abin da ya ce kafin a fita daga ofishinsa, yana rage sauyin magana. Lura da lokutan da ya fi fusata yana yin aikin ƙarar gargaɗin nan ta ɓerayen Weiss. Abokin sirri ma magani ne. Robert Sapolsky, wanda ya fara nazarin birai irin na bika a Kenya a 1978, ya ga na ƙasa sun fi yawan kotisol, manya kuma kan huce haushinsu a kansu, amma masu abokan da suke yi wa juna susa sun fi samun sauƙi.

A Nijeriya ba lallai ne mutum ya bar aiki kafin ya koma aji ba. Akwai karatun wucin gadi a jami'o'i da dama, akwai hutun karatu a ƙa'idojin aikin gwamnati, akwai kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000. Jami'o'i suna ƙayyade iyakar shekarun da ɗalibi zai yi a kan digiri, don haka wanda ya daɗe da barin karatu sai ya fara zuwa ofishin rajista ya ji ko sunansa yana nan, ya kuma karɓi takardar sakamakon darussan da ya ci. Idan kuwa ciwon kai da bugun zuciya da rashin barci sun wuce 'yan makonni, to ya biya asibiti a auna jininsa, domin hawan jini kan daɗe a jiki ba tare da ya nuna wata alama ba.