Idan Waliyyin da Alƙali Ya Naɗa Ya Ci Amanar Maraya

 

Ya ku ƴan'uwa masu saurare, a daren yau za mu yi magana a kan mutumin da alƙali ya ɗora bisa dukiyar maraya, ko ta mai taɓin hankali, sannan ya ci amana. Malaman fiƙihu suna rarrabewa: wanda uba ya yi wa wasiyya kafin rasuwarsa shi ne wasiyyi, wanda kuwa alƙali ya naɗa shi ne muƙaddami. A nan Agadas yawanci dangi ne ke taruwa bayan rasuwa su zaɓi baffa ko babban wa, a rubuta takardar taron dangi, a kai ta gidan shari'a a tabbatar. Da takardar nan yake karɓar kuɗin hayar gida, da raƙuma, da amfanin garkar albasa a Tabelot, da haƙƙin sallamar wanda ya yi aiki a Arlit.

Da yawa suna zaton wanda ya riƙe takarda mai hatimi ya fi ƙarfin tambaya. Ba haka ba ne. Hannun da ya naɗa shi, shi ne ke tuɓe shi. A Muhtasar na Shehu Halilu adalci da iya riƙo suna cikin sharuɗɗan wasiyyi, kuma in fasiƙanci ya bayyana gare shi daga baya, sauke shi ake yi. To, in wanda uba ya zaɓa da bakinsa ana sauke shi, ina ga wanda alƙali ya ɗora?

Tuɓewa kaɗai ba ta isa ba, sai an yi lissafi, kuma nan ne muke so a saurara da kyau. Waliyyi amintacce ne: in raƙumi ya mutu da fari, ko ɓarayi suka kore shi, ba tare da sakacinsa ba, babu ramuwa a kansa. Amma in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci, zai biya daga aljihunsa. Tun da aka ga zinariya a Jado a 2014, an sha jin wanda ya ɗauki kuɗin marayu ya sayi mota da injin tono da sunan kansa, riba in ta zo tasa ce, hasara in ta zo ta marayu. Wannan bashi ne a wuyansa. In ya ce ya ciyar ya tufatar, ana karɓar maganarsa da rantsuwa idan yaran suna hannunsa kuma adadin ya yi daidai da hankali. In kuwa ya ce ya riga ya miƙa wa yaro dukiyarsa bayan ya girma, a mazhabar Imamu Malik ba a karɓa sai da shaidu, domin aya ta 6 cikin Suratun Nisa'i ta yi umurni da a kafa shaidu lokacin miƙawa. Gida ko gona, muƙaddami ba ya sayar da su sai da dalili bayyananne, kamar buƙatar ciyarwa ko biyan bashin mamaci. In ya sayar wa kansa ko abokinsa da araha, alƙali yana duba cinikin, yana da ikon warware shi. Akwai kuma masu cewa zakka ce ta cinye dukiyar. Gaskiya ne a wajenmu ana fitar da zakka daga dukiyar maraya, amma ɗaya cikin arba'in a shekara ba ta cinye gida.

Wa zai kai ƙara? Uwar yaran, ko kawunsu, ko duk wanda ya ga ɓarna, har shi marayan in ya yi wayo. Uwa ta sani cewa ko ta sake aure, bakinta bai rufu ba a kan dukiyar ɗiyanta.

A fara da dangi, a nemi lissafi a gaban dattawa. In ya ƙi, a je wajen mai unguwa, ko fadar Sarkin Abzin da alƙalinta, domin dokar Nijar ta ba sarakunan gargajiya ikon sasantawa a irin wannan. Duk abin da aka daidaita a rubuta shi, a sa hannu. Sulhun baki ba ya daɗewa. In sulhu ya gagara, sai babbar kotun Agadas. Kada ku ji tsoron cewa can dokar Nasara za a yi muku: a sha'anin gado da iyali mai shari'a yana bin al'adar masu ƙara, yana zama da mataimaka masana al'ada, waɗanda galibi malamai ne. Ku roƙi abu uku: a sauke shi a naɗa wani, a tilasta masa lissafi, a hana sayar da abin da ya rage kafin a yanke hukunci. Ku je da takardar rasuwa, da takardar taron dangi, da takardun gida, da shaidun da suka san yawan dabbobi ranar rasuwa. Wanda hukunci bai gamsar da shi ba yana da damar ɗaukaka ƙara, sai dai ya gaggauta, don tana da wa'adi.

Cin amana kuma laifi ne a dokar hukunta laifuka ta ƙasa, ana ɗauri da tara a kansa, kuma ana kai kokensa wajen jandarma ko mai gabatar da ƙara. Ra'ayinmu shi ne a ajiye wannan ga wanda ya kafe ya ƙi maidowa, domin baffa a gidan kaso ba ya maido da raƙumi. Mai cewa ba shi da kuɗin lauya, ya tambayi ofishin hukumar ANAJJ, wadda aka kafa a 2011 don taimakon marasa hali a gaban shari'a.

Za a ce muku kai baffa ƙara yanke zumunci ne. Cin dukiyar maraya yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya lissafa, kuma aya ta 10 cikin Suratun Nisa'i ta kamanta shi da cusa wuta a ciki. Wanda ya hana ɗan'uwansa wannan bai yanke shi ba. Shi kuma waliyyin da ke saurarenmu alhali ya san abin da ke hannunsa, ya kira shaidu biyu kafin Salla, ya rubuta abin da ya taɓa, ya fara biya ko da jika biyar ne a wata.

Gobe, in Allah Ya kai mu, za mu shiga hukuncin rabon gado idan akwai ciki a cikin magada.