Manhajar da ta ɗauki asma a matsayin garkuwa

A shekarun 1990, wani ayarin masu bincike a birnin Pittsburgh na Amurka ya tattara bayanan majinyata 14,199 da suka yi fama da ciwon huhu na limoniya. Burinsu shi ne a samar da manhajar kwamfuta da za ta taimaka wa likita ya rarrabe wanda za a kwantar a asibiti da wanda zai iya jinya a gida.

Sun gwada manhajoji iri-iri. Wadda ta fi kowace iya hasashe ita ce mai kwaikwayon tsarin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, sai dai ba mai iya ganin yadda take kai wa ga hukuncinta. Wata kuma, mai rubuta dokokinta a fili, ta fito da abin mamaki: wai mai ciwon asma ya fi sauran majinyata tsira daga limoniya.

Likitoci sun san ba haka abin yake ba. Masu asma sun fi shiga haɗari, shi ya sa ake garzayawa da su sashen kulawa ta musamman, kulawar nan ce kuma ta rage mutuwarsu. Manhajar ta ga sakamako, ba ta ga dalili ba. Da an bi shawararta, da an sallami mutanen da suka fi bukatar gado. Masu binciken suka ajiye manhajar da ta fi ƙwarewa, domin ita ma mai yiwuwa ta koyi wannan kuskure ba tare da kowa ya sani ba. Rich Caruana, wanda yake cikin aikin, ya ba da labarin a wata maƙala a 2015, inda shi da abokan aikinsa suka nuna manhajar da likita zai iya duba tasirin kowane abu, shekaru ne ko hawan jini ko asma, ya kuma cire wanda ya saɓa wa ilimin likitanci.

Tun daga nan bukatar ƙirƙirarriyar basira mai bayyana hujjarta ta ƙara ƙarfi. Dabarar da ta fi yaɗuwa a hotunan asibiti ita ce manhaja ta shafa launi a wurin da ta fi mayar da hankali. Tana da amfaninta: wani bincike da mujallar PLOS Medicine ta wallafa a 2018 ya gano cewa manhajar duba hoton ƙirji tana iya gane asibitin da hoto ya fito, har ta alamar ƙarfe da ma'aikata ke sanyawa a gefensa, kuma hakan na shafar hasashenta.

Amma launi ba hujja ba ne. A 2021, Marzyeh Ghassemi da wasu masana biyu sun yi gargaɗi a mujallar Lancet Digital Health cewa irin wannan bayani yana nuna inda manhaja ta duba ne kawai, ba abin da ta gani ba. Likitan da ya gaji, ga layin majinyata a bakin ƙofa, zai iya ganin jan launi a kan huhu ya gamsu, alhali hukuncin kuskure ne. Cynthia Rudin ta Jami'ar Duke ta fi su tsauri: a lamarin da ya shafi rai, a gina manhajar da ake fahimta tun daga tushe, a daina yi wa rufaffen akwati tafsiri.

Batun bai yi nisa da Nijeriya ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhaja wajen duba hoton ƙirji domin tantance tarin fuka ga 'yan shekara 15 zuwa sama, kuma ana aiki da irin waɗannan na'urori a sassan ƙasar nan. Maki kawai manhajar ke bayarwa, gwajin majina ne ke tabbatar da cutar. Wannan tsari ne mai hankali, domin ya bar hukunci a hannun mutum.

Jami'in da takardar sayen irin wannan manhaja za ta biyo ta teburinsa yana da abin tambaya fiye da farashi. Da bayanan su wa aka horar da ita? An gwada ta a kan majinyatan Kano ko Enugu, da na'urorin da asibitocinmu ke da su? Idan kuma likita ya ga ta yi kuskure irin na asma, wa zai kai wa ƙara, kuma wa ke da ikon gyara ta?