Inda Mashayi Ke Samun Masu Jin Yarensa

A watan Mayun 1935 wani dillalin hannun jari daga New York, Bill Wilson, ya tsinci kansa a zauren wani otel a garin Akron na jihar Ohio a Amurka. Cinikin da ya kawo shi ya wargaje. Wata biyar ke nan rabonsa da giya, ga mashaya a gefen zauren, yana jiyo ƙarar kofuna da shewar mutane. Maimakon ya shiga, sai ya nufi wayar tarho yana neman wani mashayi irinsa da zai zanta da shi. Aka haɗa shi da Dakta Bob Smith, likitan fiɗa da kwalba ta kusa ɗaiɗaita wa aiki. Likitan ya ce minti 15 zai bayar, sai ga shi sun kwashe sa'o'i. Ranar 10 ga Yunin shekarar, wadda ake ɗauka ranar da Bob ya yi shan ƙarshe, ita ce ranar haihuwar ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato AA.

Abin lura shi ne Bill bai je don ya ceci kowa ba. Kansa yake ceto. Kuma har yau a kan wannan dabara taron AA yake tafiya. Mutane su zagaye ɗaki, sau da yawa ɗakin aro ne a coci ko asibiti ko makaranta, ga shayi ko kofi. Mai magana ya faɗi sunansa na farko kawai, ya amsa cewa shi mashayi ne, ya ba da labarinsa. Ba mai katse shi, ba mai yi masa wa'azi. Wanda ya fara zuwa yana iya zama shiru har a tashi. Babu rajista, babu kuɗin shiga, sai ɗan kwando da ake zagayawa da shi don kuɗin ɗaki. Sharaɗi ɗaya ne: mutum yana son ya daina. Bayan 'yan makonni sabon shiga kan zaɓi wani da ya daɗe da bari ya zama madogararsa, wanda zai kira da ƙarfe biyun dare idan ƙishin ya motsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

An daɗe ana gardama ko wannan zama yana da amfani a kimiyyance. A 2020 cibiyar Cochrane ta tattara bincike 27 da suka shafi mutum fiye da 10,000, ta gano cewa shirye-shiryen da ke kai mutum AA sun kai sauran hanyoyin ba da shawara, wajen barin sha kwata-kwata ma sun ɗara su.

To a ina ake samun taron? Shafin aa.org yana ɗauke da ofisoshin ƙungiyar na ƙasashe, akwai kuma manhajar waya mai suna Meeting Guide da ke nuna zama mafi kusa a wuraren da aka shigar da jerinsu. Tun kullen korona na 2020 tarukan Zoom suka yawaita, dare da rana, mutum na iya rufe kyamararsa ya saurara kawai, kodayake yawancinsu da Turanci ake yi. A kula da bambanci: buɗaɗɗen zama kowa na iya halarta, har mata da iyaye, rufaffe kuwa na masu matsalar ne kaɗai. Iyalai suna da nasu, Al-Anon, da matar Bill, Lois, ta taimaka aka kafa a 1951.

Wasu Musulmi kan yi ɗari-ɗari saboda tushen AA yana da alaƙa da wata ƙungiyar Kirista, duk da matakai 12 na AA na barin sha sun bar wa kowa ya fahimci Ubangiji bisa aƙidarsa. Shi ya sa Musulmin Baltimore suka kafa Millati Islami a 1989, suka ɗora matakan a kan koyarwar Musulunci. Wanda ba ya son a sako addini kuma akwai SMART Recovery tun 1994.

A ƙasar Hausa katangar ta fi tsayi. Mai sha a Kano ko Zariya yana ɓoye wa matarsa, yana tauna goro ko kanumfari kafin ya shiga gida, yana tsoron Hisba da bakin unguwa fiye da yadda yake tsoron hantarsa. A ganina sirrin nan na sunan farko kawai mu ya fi dacewa da shi. Ƙofar da ta fi kusa ita ce asibitin ƙwaƙwalwa, irin na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. A tambayi likita ko ma'aikacin jin daɗin jama'a ko akwai zaman rukuni na masu murmurewa. Hukumar NDLEA ma tana da layin waya na kyauta don neman shawara.

Zuwa asibitin yana da wani dalili da ya fi wannan nauyi. Wanda ya shekara da shekaru yana sha kullum, idan ya yanke rana ɗaya, jiki na iya yi masa tawaye: makyarkyata, gumi, farfaɗiya, sannan cikin kwana biyu zuwa uku gane-gane da ruɗewar da kan yi kisa. 'Yan uwa sai su ce iskokai ne, a ɗaure shi a ɗaki. Wannan mutum gado da magani yake buƙata a ƙarƙashin idon likita, kujerar taro kuma sai hannunsa ya iya riƙe kofin shayi.