Ƙaramar Makaranta Ma Tana Haifar Gwarzo

Daga Wakilinmu, Gumel

Duk wanda ya je kasuwar Maigatari ran Alhamis, ya ga yadda samari ke fama da bijimai wajen loda su a mota, ya san masarautar Gumel ba ta rasa ƙarfafa ba. Haka nan in kaka ta yi, dandalin dambe da kokawa kan cika a ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar. To, amma wa ke lura da waɗannan samari har ya san iyakar abin da za su iya? Labarin wata ƙaramar jami'a a Amurka zai nuna mana amfanin irin wannan lura.

Sunan jami'ar Azusa Pacific, tana Jihar Kalifoniya kusa da birnin Los Angeles. A wancan lokaci ba ta cikin manyan jami'o'in da ake nuna wasanninsu a talabijin, tana karawa ne da ƙananan makarantu 'yan'uwanta a ƙarƙashin ƙungiyar NAIA. Wasan da muke magana a kansa shi ne ƙwallon Amurka, wanda ya sha bamban da namu. Ƙwallon mai siffar ƙwai ne, da hannu ake ɗaukarsa, kuma 'yan wasa goma sha ɗaya na kowane ɓangare kan sa hular kwano da sulke a kafaɗa. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci yadi 10, in ta kasa sai ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai shi ƙarshen fili ya sami maki 6.

A 1982 wani saurayi ɗan Inugu mai suna Christian Okoye ya shiga wannan jami'a. Ba ƙwallo ya kai shi ba, gwanin jifar faifai ne, kuma ɗan'uwansa ɗan Nijeriya, Innocent Egbunike mai tsere, shi ya yi masa hanya. Burinsa shi ne ya wakilci Nijeriya a wasannin Olamfik na 1984, amma da aka fitar da sunaye babu nasa. Maimakon ya zauna yana cizon yatsa, sai ya nemi a gwada shi a ƙwallon Amurka, yana da shekara 23, bai taɓa buga wasan ba.

A nan ne ƙanƙantar makarantar ta yi rana. Da wuya babbar jami'a ta ɓata lokaci a kan wanda bai san ko dokokin wasa ba, domin tana da gwanaye jibge. Su kuwa masu horarwa na Azusa sun san shi, sun ga gudunsa da ƙarfinsa, sai suka yi haƙuri da shi, suka ba shi aikin ɗaukar ƙwallo ya kutsa cikin abokan karawa. Shekara biyu yana koyo. Da kakar 1986 ta zo, sai ya ci yadi 1,680 a wasa tara, watau kusan yadi 187 a kowane wasa. Manyan ƙungiyoyi suka fara turo wakilansu kallon wasan makarantar da a da ba su damu da ita ba. A 1987 ƙungiyar Kansas City Chiefs ta ɗauke shi, a 1989 kuma ya fi kowa cin fili da ƙwallo a babbar gasar NFL, da yadi 1,480.

Ita kanta ƙungiyar jami'ar ta ci gaba har ta ɗauki kofin NAIA a 1998. Duk da haka, a watan Disamba 2020 hukumar jami'ar ta rufe ƙungiyar, saboda abokan karawa sun yi ƙaranci a jihar, kuɗin tafiya wasa nesa kuma ya yi yawa. Sai a 2025 ta ba da sanarwar maido da ita, ta riƙa karawa da maƙwabta. Ashe wasan ƙaramar makaranta bai ɗorewa sai da abokan karawa na kusa.

Wannan darasi ya shafi Gumel. Kwalejin Ilmi ta garin, wadda aka kafa a 1976 tun ana cikin tsohuwar Jihar Kano, tana tara matasa daga ƙananan hukumomi huɗu na masarautar da sauran sassan Jigawa, kuma akwai gasar NICEGA ta kwalejojin ilmi na ƙasa da za su iya nuna kansu. Ba muna cewa a kawo ƙwallon Amurka ba ne, kayansa na da tsada. Abin da ake bukata shi ne gasa ta shekara shekara tsakanin makarantun Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, wadda ba ta cin kuɗin mota mai yawa, a kuma riƙa rubuta sakamakon kowane ɗalibi a ajiye. Ɗaliban kwalejin su ne malaman gobe. Malamin da aka lura da shi yana ɗalibi, shi zai lura da yaron da ke gudu ba takalmi a filin firamare.