Kare tsohuwar kwamfuta daga lalacewar adafta

Kare tsohuwar kwamfuta daga lalacewar adafta shi ne matakan da ake ɗauka don hana na'urar da ke ba kwamfuta wuta ta ƙona ta idan na'urar ta tsufa. Matsalar ta fi shafar kwamfutocin gida na shekarun 1980, waɗanda tuni aka daina ƙera kayan gyaransu. Misalin da aka fi sani shi ne Commodore 64, wadda kamfanin Commodore na Amurka ya fitar a shekarar 1982.

Aikin adafta

Kwamfuta ba ta amfani da wutar bango kai tsaye. Adafta ce ke karɓar wutar ta rage ƙarfinta. Adaftar Commodore 64 tana fitar da wuta iri biyu: volt 5 na DC, wato wutar da ke tafiya ta fuska ɗaya, da volt 9 na AC, wadda ke kai da komo. Sassan ƙwaƙwalwar kwamfutar da sauran IC ɗinta sun dogara ne da volt 5 ɗin, kuma ba sa jure ƙari mai yawa a kansa.

Yadda lalacewar ke faruwa

A cikin adaftar akwai wani ƙaramin sashe da ke tsayar da wuta a kan volt 5. An cike yawancin waɗannan adaftoci da wani irin ƙaro mai tauri, wanda ke riƙe zafi kuma yake hana a buɗe su a gyara. Bayan shekaru, sashen yakan gaza. Sau da yawa ba mutuwa yake yi ba, sai ya riƙa sakin wutar da ta wuce kima. Fitilar kwamfutar tana nan a kunne, mai ita bai ga wata alama ba, alhali IC suna ƙonewa. Sassan ƙwaƙwalwa ne suka fi saurin mutuwa. Da yake kamfanin ya durƙushe a 1994, wasu sassan ba a samunsu sai an ciro daga wata tsohuwar kwamfutar.

A wasu kwamfutocin, irin su BBC Micro da Apple II, kafasito ne na ɓangaren wuta ke tsagewa ya yi hayaƙi. Shi ya sa masu gyara ke canza shi tun kafin ya fashe.

Hanyoyin kariya

Mataki na farko shi ne a auna wutar adafta da mita kafin a jona ta. Idan ta haura volt 5.25, akwai haɗari. Awo ɗaya bai wadatar ba, domin adafta tana iya nuna daidai tana sanyi, ta sauya idan ta ɗauki zafi.

Na biyu shi ne a saka ƙaramar na'urar kariya tsakanin adafta da kwamfuta, wadda ke yanke wuta da zarar ta kusa volt 5.4. Hanyar da ta fi inganci kuwa ita ce a ajiye tsohuwar adaftar, a sayi sabuwa mai fitar da wutar iri biyu.

Yanayin Zariya

Wutar gida a Najeriya volt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Adaftar da aka yi wa kasuwar Amurka za ta ƙone idan aka jona ta a bango ba tare da taransifoma mai rage wuta ba, don haka ana karanta rubutun jikinta tukuna.

A Tudun Wada, kamar sauran unguwannin Zariya, kamfanin Kaduna Electric ne ke raba wuta tun bayan sayar da kamfanonin rarraba lantarki, ko da yake jama'a har yau NEPA suke cewa. Ɗaukewar wuta da dawowarta da ƙarfi, da sauyawa zuwa janareta, suna gajiyar da tsohuwar adafta. Zafin bazara da ƙurar hunturu ma suna ƙara mata nauyi.

Sitabilaiza tana daidaita wutar da ke shigowa daga bango, amma ba ta da iko a kan abin da adafta ke fitarwa. Saboda haka kwamfutar da ke kan sitabilaiza tana iya ƙonewa idan adaftarta ta lalace. Ana buƙatar kariya ta ɓangarorin biyu, tare da cire filogi duk lokacin da aka ɗauke wuta.